Mai Labule da Turmin Shara

Shekarun Sikiru talatin da shida a duniya, a cikinsu babu ranar da ya taɓa ɗaukar tsintsiya ya share ƙofar ɗakinsa, amma shi ne ya ɗauki alkawarin share miyagu daga Fagge har Sabon Gari. Ba wanda ya roƙe shi. Shi ya naɗa kansa, shi ya raɗa wa kansa suna wai Gaggafa, sannan ya kwance labulen falon yayarsa Bilikis, wani ja mai zanen furanni, ya ɗaura a wuya ya sake shi a baya. Mutanen Fagge ba sa wahalar da bakinsu. Suka dubi abin da ke reto a gadon bayansa suka ce Mai Labule, sunan kuwa ya bi shi har ƙofar gida.

Bilikis ta san ranar da wannan masifa ta shigo musu. Mahaifinsu, marigayi Alhaji Waliu, Bayarabe haifaffen Fagge mai sayar da yadi a Kantin Kwari, shi ya dawo daga wajen 'yan gwanjon Sabon Gari da ƙunshin tsofaffin littattafan zane, waɗanda Sikiru yake kira komik, wai don yaron ya koyi Turanci. Turancin bai zauna ba, hotunan ne suka zauna. Wasu ƙarti ne masu ɗamammun kaya, fuska a rufe, daga shafin farko zuwa na ƙarshe suna naushin mutane, kowane naushi an rubuta ƙararsa a sama da manyan baƙaƙe. Sa'anninsa duk sun karanta, sun yi dariya, sun girma, sun yi aure. Shi kuwa ya haddace su haddar da bai yi wa karatun Islamiyya ba, ya fito da ilimi guda biyu: duk mai tabo a fuska mugu ne, duk macen da ta ɗaga murya kuma ceto take nema. An kai shi koyon gyaran waya ya gudo, an kai shi ɗinki ya gudo. Wai shi an halicce shi ne don babban aiki. Kafin babban aikin ya iso, yana zaune a ɗakin soron gidan Bilikis, yana cin amalarta sau biyu a rana, har da neman ƙarin nama.

Aikinsa na farko a Sabon Gari ya yi shi. Wani mai adaidaita sahu, Jerry, ya tsaya a bakin titi suna ka-ce-na-ce da wata mata a kujerar baya, sai ga Mai Labule ya ɓullo ya fisgo shi ya kifa masa naushi har hancinsa ya fashe. Matar ta diro ta rufe Sikiru da duka da jakarta, domin mijinta ne, musun da suke yi kuma a kan wace hanya ce ta fi kusa da coci. Bayan wata biyu ya tarar da Chukwuemeka mai sayar da kayan lantarki yana dukan kwaɗon wani shago da guduma, rana tsaka. Shagonsa ne, makullinsa ne ya ɓata. Yatsu biyu Sikiru ya karya masa.

Duk inda ya yi ɓarna, Bilikis ce take bi da gwiwoyinta. Mace mai shekara arba'in da biyar, mai 'ya'ya uku, wadda duk layinsu a kasuwa ake girmamawa ana ce mata Iya Hikmat, da sunan babbar 'yarta, ita ce take durƙusawa a gaban ƙannen bayanta tana ba da haƙuri. Chukwuemeka ya ɗaga hannunsa da aka naɗe da bandeji ya ce, "Madam, wannan ɗan'uwa naka ba lafiya a kai. Kai shi asibiti." Ta ce to, ta yi godiya. Amma ita ta san ba hauka ba ne, da ma haukan ne da ta ji tausayinsa. Mahaukaci ba ya zaɓe. Sikiru kuwa ya iya zaɓe. Bai taɓa tunkarar 'yan daban da ke zama a bakin kwalbati suna ƙwacen waya ba, in ya hango su ma sai ya tuna yana da aiki a wani layin. Bai taɓa dukan wanda ya fi shi tsawo ba, bai kuma taɓa zuwa wa kowa ta gaba ba. Samari na ɗaukarsa a waya suna watsawa don a yi dariya, shi kuma ya zauna a soro yana duba yawan waɗanda suka kalla, yana cewa gari ya fara farkawa.

Duk wannan Bilikis ta iya haɗiyewa. Mutum ɗaya ne take tsoron ya taɓa mata, shi ne Alhaji Kaka.

Alhaji Kaka Bagobiri ne daga Sabon Birni, dattijo ɗan shekara saba'in da 'yan kai, mai babban shagon atamfa a Kwari. Tsagen Gobirawa ya taso daga gefen bakinsa ya bazu har kunnuwa, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. A bakin shagonsa teburin Bilikis yake, a daidai inda na mahaifinta ya yi shekara talatin. Babu takarda a tsakaninsu, babu shaidu. Abin da ke tsakaninsu wasa ne, irin wanda aka sani tsakanin Bagobiri da Bayarabe: kowa ya ce ɗayan bawansa ne, a zagi juna son rai, ba a fushi, ba a kai ƙara.

Shekarar Alhaji arba'in da wani abu a Kano, ya iya Kananci tsaf, da shi yake ciniki. Amma da zarar ya hango Bilikis da safe sai ya juya harshe zuwa Gobiranci mai kauri.

"Ke baiwa! Ɗiyar bawana! Mi kinka dahwa yau, barkono da barkono?"

"Bawan babana, sai yanzu ake zuwa aiki? Ga tsintsiya can. Wai har yau ba ka rama abin da mage ta yi wa fuskarka ba?"

Sai layin ya ɗauki dariya, daga nan kasuwa ta buɗe.

Wanda bai sani ba zai ɗauka surutu ne kawai. Lokacin da Alhaji Waliu ya rasu, Bilikis ta yi kwana bakwai tana karɓar gaisuwa, kowa ya shigo murya ƙasa-ƙasa, "Hajiya, sai haƙuri. Hajiya, Allah ya jiƙansa," har ta tsani Hajiyar nan, don duk wanda ya faɗe ta tashi zai yi ya bar ta da abin da ke cin ranta. Ba ta san ko za a bar mata wurin teburin ba, ba ta san da me za ta riƙe gida ba. Rana ta bakwai Alhaji Kaka ya zo, ya yi addu'a, ya share idonsa da hannun babbar riga, sannan ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaure fuska. "Bawana ya tsere bai ida aikinai ba. To ke za ki ida shi. Gobe in gan ki bakin shago, kar ki sa in aiko a ɗauko ki." A nan ta yi dariyarta ta farko, tana yi tana kuka. Shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma har yau in ta ji "ke baiwa" da safe sai ta ji kamar mahaifinta bai gama tafiya ba. Wannan zagin shi ne abin da ta fi ƙauna a duk kasuwar, ya fi mata teburin ma.

Wasan yana da babbar ranarsa, a watan cika-ciki, lokacin da abokan wasa ke karɓar shara a hannun juna. Alhaji Kaka ba ya tsayawa a ba shi. Zuwa yake yi ya zaɓi turmin atamfar da ya fi kowanne kyau a kan tebur, ya danna a hammata, ya kama hanya a hankali kamar mai zuwa masallaci. A da Alhaji Waliu ne yake bin sa da sandar awon yadi, wata ta katako mai bakin tagulla, yana ihun ɓarawo. Yanzu Bilikis ce take ihun. A Kwari kalmar ɓarawo ba ta wasa ba ce, tana iya sa a illata mutum kafin a tambayi abin da ya ɗauka, amma a wannan layin, a wannan ranar, kowa ya san ɓarawon, har 'yan dako kan sauke kaya su tsaya kallo. Bayan la'asar sai turmin ya dawo, da farin goro a ɓoye a cikin ninkinsa. Goron shi ne amsar Alhaji, alamar sai baɗi kuma.

Sikiru ya taso yana jin labarin, bai dai taɓa gani ba, don shi zaman kasuwa ƙasƙanci ne. Saura mako biyu sharar bana sai ga shi ya zo Kwari karɓar makullin gida, babu labule, ya ji Alhaji ya ce ke baiwa. Ya tsaya ya ƙura wa tsagen dattijon ido kamar yau ya fara ganinsa. Bilikis ta ga kallon, ta kuwa san ma'anarsa.

Da ta koma gida da yamma ta tarar da shi a soro, ya baje littattafansa a tabarma, sandar awon mahaifinsu a kan cinyarsa. A ƙarƙashin gadonta take ajiye ta.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Gadona ne, Anti. Kowane jarumi yana da makamin da ubansa ya bar masa."

"Baba yadi ya auna da ita, bai doki kowa ba. Sikiru, kalle ni nan. Alhaji Kaka abokin wasanmu ne. Da kafaɗarsa aka kai Baba makwancinsa."

"A gaban mutane ya ce miki baiwa."

"Ni ma na ce masa bawa! Wasa ne, wasan Gobirawa da Yarabawa, tun kafin a haifi kakanmu ake yin sa."

Ya yi wani murmushi na tausayi da ya kwaikwayo a shafin littafi, wanda duk lokacin da ya yi sai ta ji kamar ta kwaɗa masa ludayi. "Haka duk wanda aka daɗe ana zalunta yake cewa, Anti. Kin saba ne. Kin kuwa kalli fuskarsa?"

"Tsagen gidansu ne, sakarai! Kakarmu ma da nata ta mutu."

"Ba sai kin ce komai ba. Na gane ba za ki iya magana ba."

Ta yi magana har muryarta ta dushe, da Hausa, da Yarabanci, ta haɗa shi da Allah, ta haɗa shi da darajar iyayensu. Ta ƙwace sandar ta kulle a akwati. Shi dai gyaɗa kai yake yi, duk abin da ta faɗa kuma ƙara masa tabbaci yake, don a littattafansa wadda aka kama ba ta taɓa yarda an kama ta.

Ranar sharar ta yi dabara. Tun da safe ta ɗora masa leshi yadi goma ta ce ya kai wa Blessing tela a Kasuwar Sabon Gari, ya zauna a nan har a gama ɗinkin, kar ya dawo sai da kayan. Ta kira Blessing ta roƙe ta ta ja aikin har magariba. Ta raka shi bakin titi, ta ga ya hau adaidaita da idonta. Ba ta duba akwatin ba. Ba ta kuma kawo komai a ranta ba da ta ga yana jan ƙafa ɗaya a sandare cikin wando, ta ɗauka wata sabuwar tafiyar jarumai ce ya koyo.

Wajen ƙarfe sha ɗaya Alhaji Kaka ya fito daga shago cikin farar shadda, ya gyara zaman hula, ya zagaya teburin sau biyu yana taɓa kaya yana yatsina fuska. "Kayan bayi dai, kayan bayi," in ji shi. Ya zari wani turmi shuɗi mai zanen ganye, ya danna a hammata, ya kama hanya. Layin ya yi tsit, ana murmushi, ana jiran ta.

Bilikis ta yi niyyar bana ta yi shiru, ko ta faɗa a hankali. Amma dattijon ya yi taku goma ya rage sauri, ya ɗan karkato kunne. In ta yi shiru ta kunyata shi a gaban layi, kamar ta ce ya tsufa da wasa, ko ita ta fi ƙarfinsa yanzu. Ta dubi gabas ta dubi yamma, babu ja, babu furanni. Sai ta cika ƙirji, ta ɗora hannu biyu a ka, ta saki muryar da ta gada.

"Ɓarawo! Jama'a ɓarawo! A tare mini Bagobiri!"

Dariya ta ɓarke. Alhaji ya juyo yana dariya shi ma, baki buɗe, zai mayar mata da martani. A daidai nan Sikiru ya fito daga bayan tarin diloli, labule a wuya, baƙin ƙyalle mai huda biyu a fuska. Ta baya ya zo, kamar kullum. Ya ɗaga sandar da hannu biyu ya sauke bakin tagullar a kan muƙamuƙin dattijon. Bilikis ta ji ƙarar daga inda take tsaye. Ba irin wadda ake rubutawa da manyan baƙaƙe ba ce, 'yar ƙarama ce, kamar an taka busasshen kara. Alhaji ya durƙushe, hularsa ta gangara kwata, Sikiru ya ƙara masa ta biyu a kafaɗa kafin 'yan dako su danne shi.

Ko a ƙasa bakinsa bai mutu ba. Gwiwar wani ƙato a gadon bayansa, labulen ya naɗe masa wuya, yana ta kiran, "Anti, kin kuɓuta! Ku shaida, Gaggafa ne!" Ba ta ko kalle shi ba. Tana durƙushe a gaban Alhaji tana tare jinin da mayafinta, tana cewa Baba, Baba, sunan da ba ta taɓa kiransa da shi ba. Turmin yana nan a hammatarsa, bai sake shi ba har aka ɗora shi a mota.

A asibiti aka ce muƙamuƙin ya karye gida biyu. Aka ɗaure masa haƙoran sama da na ƙasa da waya, ba abin da zai shiga sai kunu ta bututun roba, ba magana har mako shida. Mutumin da duk Kwari aka san shi da baki! 'Ya'yansa suka rantse sai Sikiru ya ruɓe a gidan yari, Bilikis kuwa, Allah ya sani, ba ta da niyyar durƙusa wa kowa a wannan karon. Da bakinta ta gaya wa ɗan sandan cewa ta gargaɗe shi, ya ji, ya ƙi. Amma da aka je ɗaukar bayanin Alhaji a gadon asibiti, sai ya yi nuni a ba shi takarda da biro. Ya rubuta da ajami, babban ɗansa ya karanta cikin takaici: "Wasa ne. Bagobiri ba ya kai Bayarabe ƙara." Aka yi juyin duniya, bai ƙara ko harafi ba. Kwana huɗu Sikiru ya yi a caji ofis aka sako shi.

Ya dawo gida yana tafiya da ƙirji. Ko wanka bai yi ba ya zauna a soro da waya.

"Anti, kin gani? Mutum dubu tamanin sun kalla. Kin kuma ga tsohon ya kasa kai ƙara. Tsoro ne. Ya san in aka shiga kotu asirinsa zai tonu." Ya ɗago da murmushin nan nasa. "Tun da kika tura ni wajen Blessing na gane shi ya sa ki. A shatale-talen farko na sauka."

"Ka san me ya sa aka sake ka?"

"Saboda ina kan gaskiya."

"Wasan da ka ce babu shi, shi ya buɗe maka ƙofa. Tsohon da ka fasa wa baki, da hannunsa ya rubuta a sake ka, don kai ɗan Waliu ne."

Murmushin ya ɗan gushe, har ta ɗauka ko maganar ta shiga. Sai ya ce, "Ke ce fa kika yi ihu. Kowa ya ji. Ni amsawa na yi."

Wannan ce kaɗai gaskiyar da ta taɓa fitowa daga bakinsa, ita ma don ya wanke kansa ya faɗe ta. Bilikis ta dube shi, ƙaton banza da furfura biyu-uku a gemu, ƙafafu duk dauɗar caji ofis, yana shafa waya da babban yatsa yana neman inda aka yabe shi, yana tsallake inda ake tsine masa. Ta nemi fushi ta rasa, ta nemi tausayi ta rasa, raini ne kawai ya rage. Ta shiga ɗakinsa ta kwaso littattafan nan kaf, ta kai wa mai ƙosan bakin layi ta ce a naɗe ƙosai da su. Ta yi tsammanin zai yi kuka ko ya yi faɗa. Ina! Ya jingina da bango ya ce duk jarumi sai nasa sun juya masa baya, yana nan a littafi, ai ma ya haddace su. Can da yamma ya leƙo ya tambayi ko akwai sauran miya.

Mako shida Bilikis tana zuwa asibiti kowace safiya da kunun gyaɗa a fulas kafin ta wuce kasuwa. 'Ya'yan Alhaji ba sa amsa gaisuwarta, amma ba sa hana ta shiga, don uban ya yi nuni a bar ta. Takan durƙusa a gefen gado ta ba da haƙuri, ya ɗaga hannu ya gyaɗa kai, ta duba idonsa ta kasa karanta komai. A kasuwa ba wanda ya ce ta ɗauke teburinta. Layin dai ya yi sanyi, kowa ya wuce sai "Sannu, Iya Hikmat," a ladabce, kamar gidan makoki. Ita ba gafara take jira ba, wannan ya riga ya rubuta ta. Addu'arta ɗaya ce bayan kowace salla, Allah ya sa ranar da aka kwance wayar nan ya zage ta. Har amsar da za ta ba shi ta tanada, tana maimaita ta a ranta in tana jera kaya.

Ranar wata Litinin ya dawo. Ya sauka daga adaidaita a bakin layi, ya rame, bakin ya ɗan karkace, sabon tabo ya ratsa tsagen nan bakwai ta tsakiya. 'Yan kasuwa suka fito daga shaguna ana barka da arziki, yana amsawa da hannu. A ɗaya hannun yana riƙe da turmin shuɗi a cikin sabuwar leda. Bilikis ta miƙe. Ya zo ya tsaya a gaban teburin, a inda mai saye yake tsayawa.

"Ina kwana, Hajiya."

Da Kananci ya faɗa, tsaf, murya na fita da ƙyar ta tsakanin haƙora. Ta ji kamar ba da ita yake ba, har ta kusa waiwayawa. Sai ta yi ta maza, ta ɗaga murya yadda layi zai ji.

"Bawan babana, hutun ya ƙare? Ga tsintsiya can, mako shida tana jiranka."

Ba wanda ya yi dariya, kowa shi yake kallo. Alhaji ya yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙo.

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya iyali? Ga kayanki, Hajiya. An wanke, amma akwai ɗan tabo a gefe, ki yi haƙuri. Wurin nan kuma naki ne. Na gaya wa yara, ko bayan raina kar wanda ya tashe ki."

"Baba," ta ce a hankali, hawaye na zubo mata, "ka zage ni mana. Don Allah."

"Haba, Hajiya. Ni wa, in zage ki?"

Ya miƙa mata ledar da hannu biyu, ta karɓa da hannu biyu. Ya juya ya shiga shagonsa, jama'a suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Ta zare turmin daga leda ta warware shi a kan tebur, ninki bayan ninki, tana shafawa da tafin hannu, har yadi shidan suka ƙare. Babu goro a ciki.